Me Ya Sa Harsashina Ke Sauka Ƙasa Ta Hagu?

Wani matashin jami'in tsaro ya turo mini wannan tambaya: "Baba, da doguwar bindiga ba ni da matsala. Amma duk ranar da aka kai mu filin harbi da fistol, a mita 15 ko 25, harsashina ƙasa yake sauka, ta ɓangaren hagu. Da dama nake harbi. Ina ganin saitin a tsakiya kafin in harba, amma idan muka je duba takarda sai ta ƙaryata ni. Wasu sun ce saitin bindigar ne ya goce, wasu sun ce in ƙara matse ta. Ina gaskiyar take?"

To, ƙanena, na ji daɗin yadda ka kawo tambayar, domin ka faɗi hannun da kake harbi da shi, ka faɗi nisa, ka faɗi inda harsashin ke sauka. Da waɗannan ukun kaɗai zan iya ce maka mafi rinjayen zato shi ne bindigarka lafiyarta ƙalau. Idonka ma bai yi maka ƙarya ba, saitin yana tsakiya a lokacin da ka gan shi. Abin da ke faruwa shi ne, tsakanin ganin da ka yi da fitar harsashin akwai wani ɗan taƙi da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma a cikinsa hannunka ke kawar da bakin bindigar. Yatsan da ke jan kunama shi ke tayar da wannan motsi, sauran hannun ya bi shi.

Amma kada mu yanke wa yatsanka hukunci ba shaida. Ka fara wanke bindigar daga zargi. Ka ba wani da kowa ya san ya iya harbi ya harba biyar da ita, ko kai da kanka ka zauna, ka ɗora hannuwanka a kan buhun yashi ka harba biyar a natse. Idan suka taru wuri guda a dunƙule amma a gefe, to saiti ne, sai a kai wa mai kula da makamai ya gyara. Idan a hannun wancan sun shiga tsakiya, a naka kuma suna warwatsuwa suna gangarawa ƙasa ta hagu, magana ta ƙare. A shekarun da na yi ina tsayawa bayan masu koyon harbi, saitin da ya goce da gaske kaɗan na gani. Yatsan da ke fizgar kunama kuwa, kusan kowane sabon shiga da shi yake zuwa.

Bari in nuna maka da lissafi dalilin da ya sa fistol ba ta yafiya. Ɗauki Glock 17, wadda jami'an tsaro a ƙasashe da yawa ke riƙewa. Idan an cika ta da harsashi nauyinta bai wuce gram 900 da 'yan kai ba. Kunamarta kuwa sai ka danna ta da ƙarfin da ya kai kusan kilo biyu da rabi kafin ta tashi. Ka ga ke nan da yatsa ɗaya kake tura ƙarfin da ya kusa ninka nauyin bindigar sau uku, a kan abin da ba ya jingine da komai sai tafin hannunka. Doguwar bindigar da ka ce ba ka da matsala da ita tana da kilo huɗu ko kusa da haka, ga kafaɗa ta tokare ta, ga kunci ya kwanta a kanta, ga hannun hagu can gaba ya tallafe ta. Ko ka fizgi kunamarta, nauyinta zai shanye rabin laifinka. Shi ya sa mutum zai yi shekaru yana fizga bai sani ba, sai ranar da aka miƙa masa fistol asirinsa ya tonu.

Sai kuma gajartar tazara tsakanin saitin baya da na gaba, wato tsagar da ke bayan bindiga da ɗan tsinin da ke kan bakinta, waɗanda ido ke daidaitawa kafin harbi. A Glock 17 milimita 165 ce. Idan saitin gaba ya kauce da milimita ɗaya tak, wato kaurin da bai fi na ƙwayar gero ba, a mita 10 harsashi zai kauce da kusan santimita 6, a mita 25 kuma da kusan santimita 15. Milimita biyu, santimita 30 ke nan, ka kusa fita daga takardar gaba ɗaya. Wannan motsi ba za ka ji shi a jikinka ba, kuma ƙarar harbin da tsallen bindigar za su rufe shi ruf, ka rantse ba ka motsa ba.

Me ya sa ƙasa, kuma me ya sa hagu? Ajiye wayar ka gwada wannan yanzu. Miƙe hannunka na dama kamar za ka gaisa da mutum, yatsu a sake. Lanƙwasa manuniyarka da sauri, ka zuba wa sauran yatsun ido. Za ka ga na tsakiya da na kusa da shi sun motsa ba da izininka ba. Haka Allah ya halicci hannu: jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsun nan daga tsokar da ke damtsen ƙasa suke tasowa tare, an yi su ne don su damƙi abu a lokaci guda. Idan ka ja kunama da gaggawa, yatsu ukun da ke riƙe da mariƙin bindiga sukan matse tare da manuniya, matsewarsu kuma tana karkata bakin bindiga ƙasa da kuma cikin jiki. Ga mai harbi da dama cikin jiki hagu ne. Bahago kuwa nasa ƙasa ta dama yake sauka. Wannan rabin labarin ne.

Ɗaya rabin tsoro ne, ko da yake babu jami'in da ke son a kira shi da wannan suna. Jikinka ya riga ya koyi cewa da zarar kunama ta tashi za a yi ƙara a gaban fuskarka, bindiga kuma ta yi tsalle sama. Saboda haka yakan riga ta: wuyan hannu ya danna ƙasa don ya tare tsallen, ido ya ƙifta, kafaɗa ta ɗan zabura. Da wannan dannawar za ta zo bayan harsashi ya fita, da babu laifi. Matsalar ita ce tana zuwa kafin ya fita. Ba ragwanta ba ce, na ga maza masu taurin zuciya da suka yi fama da ita. Jiki ne ke kare kansa, kuma da horo ake raba shi da wannan hali.

Akwai abu na uku da ke haɗa biyun nan, wanda a ganina shi ne uwar matsalar, kuma maganarka ta "ina ganin saitin a tsakiya" ita ta nuna mini kana yin sa. Idan ka miƙa bindiga, saitin gaba ba ya tsayawa cik. Yana yawo, ya ɗan yi sama, ya ɗan yi gefe, ya ratsa tsakiya ya wuce. Sai zuciyarka ta ce maka ka jira ya iso tsakiya, da ya iso ka ce "yanzu!" ka fizga. Wannan "yanzu" ita ke kashe harbi. Ka ba jikinka sanarwar lokacin da ƙara za ta tashi, don haka ya san lokacin da zai zabura, sannan ka tilasta wa yatsa ya yi tafiyar kilo biyu da rabi a bugu ɗaya, don haka sauran yatsu suka taya shi.

Ka saki ranka da wannan yawo na saiti. Babu ɗan'adam da ke riƙe fistol ba ta motsi, har zakarun duniya. Ka duba gasar fistol mai aiki da iska ta mita 10 a wasannin Olamfik. Da hannu ɗaya ake harbi, a tsaye, ba jingina. Da'irar maki goma faɗinta milimita 11.5 ne, harsashin kuma milimita 4.5, kuma dokar hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, ta ce kunama ba za ta gaza nauyin gram 500 ba, har awo ake yi mata kafin a yarda da bindigar. A bindigogin mita 25 kuwa gram 1,000 ne. Ka tambayi kanka me ya sa hukuma za ta kafa doka a kan nauyin kunama. Saboda kowa a wannan fage ya san nan ne gasar take. Mutanen nan saitinsu yana yawo kamar naka, illa dai da'irar yawon nasu ƙarama ce, kuma sun koyi su ci gaba da matsa kunama a hankali cikin yawon, ba tare da sun tsaya farautar tsakiya ba. Wataƙila ka ga hoton Yusuf Dikeç na Turkiyya da ya zagaye duniya a gasar Faris ta 2024, hannu ɗaya a aljihu, ba wasu na'urori a fuska, ya ci azurfa a gasar haɗakar mace da namiji tare da abokiyar harbinsa. Mutane sun yi ta maganar aljihun. Ni abin da nake so ɗalibaina su kalla shi ne hannun da ke riƙe da bindigar a lokacin da harbin ya fita: babu abin da ya canza a cikinsa.

Ka gane wani abu: yawon saiti a kan takarda ba shi da tsada. Idan saitin gaba da na baya suna daidai da juna, bindigar duka ta gusa da santimita biyu, harsashi ma da santimita biyu zai gusa. Abin da ke da tsada shi ne karkacewar saitin gaba daga cikin tsagar na baya, domin shi nisa ke ninkawa kamar yadda muka lissafa. Saboda haka idonka ya zauna a kan saitin gaba, ka gan shi tar, takardar can ta yi dishi-dishi ba komai.

Yanzu yadda ake jan. Laftanar Kanar Jeff Cooper, tsohon sojan Amurka da ya kafa makarantar harbi ta Gunsite a jihar Arizona a 1976, ya shahara da koyar da cewa harbi mai kyau shi ne wanda tashinsa ya zo wa mai harbin ba zato. Kada ka fahimci wannan a karkace. Kai ka yanke shawarar harbi, kai ka ɗora yatsa, ka san bindiga za ta tashi cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Abin da ba ka zaɓa ba shi ne ainihin ƙiftawar da za ta tashi. Ka ɗauke sakwarkwacin farko na kunamar har ka ji ta yi tauri, daga nan ka riƙa ƙara nauyi a kai a kai, kai tsaye zuwa baya, ba tsayawa, ba ƙarin gudu a ƙarshe, har ta tashi da kanta. In ka taɓa koyon tuƙin mota mai giya, ka tuna yadda aka koya maka sakin kuloci: wanda ya sake shi gaba ɗaya mota ta zabura ta mutu, wanda ya bi shi a hankali ta tashi lami lafiya. Da farko wannan ja zai ɗauke ka daƙiƙa uku ko huɗu. Da horo zai koma rabin daƙiƙa, amma siffarsa ba ta canzawa. Masu gasar harbin sauri ta mita 25 suna harbin allo biyar cikin daƙiƙa huɗu a zagayen ƙarshe, kuma ba fizga suke yi ba, santsin ne aka matse cikin ɗan lokaci.

Wajen ɗora yatsa, kada ka bari kowa ya ɗaure ka da doka ɗaya. Yawancin mutane tsokar gaɓar farko ta manuniya ce ke yi musu daidai. A libarba, ko bindiga irin Beretta 92 wadda janta na farko yake da nauyi da tsawo, sau da yawa sai an zura yatsa har lanƙwasar gaɓar kafin a samu ƙarfin da ake bukata. Hannu ya bambanta, mariƙi ya bambanta. Ma'aunin guda ne: a lokacin da kunama ke tashi, yatsan yana tura ta kai tsaye baya, ba ya tura ta gefe. Ka kuma tabbata gindin manuniyar ba ya gugar jikin bindigar, a bar ɗan sarari, in ba haka ba duk lanƙwasawar da za ta yi sai ta ture bindigar hagu. Akwai wata taswira mai kama da agogo da ake liƙawa a filayen harbi, wadda ke cewa in harsashi ya sauka nan laifin kaza ne, in ya sauka can laifin kaza ne. Don masu harbi da hannu ɗaya aka tsara ta, kada ka ɗauke ta kamar hukuncin alƙali.

Waɗanda suka ce ka ƙara matse bindigar suna da rabin gaskiya. Riƙo mai ƙarfi yana rufe kurakuran yatsa da yawa. Amma idan hannun dama ka matse har ya fara rawa, manuniyar za ta sandare ta kasa tafiya ita kaɗai. Ka riƙe da dama kamar yadda kake riƙe hannun mutumin da kake girmamawa wajen gaisuwa, da ƙarfi amma ba murƙushewa, sannan hannun hagu ya yi aikin matsewar sosai. Abin da ya fi yawan ƙarfin muhimmanci shi ne kada ya canza. Yadda ka riƙe kafin ka taɓa kunama, haka zai kasance har harsashi ya fita.

Bayan ya fita ma ba ka gama ba. Tsofaffin maharbanmu masu bindigar toka sun fi mu sanin wannan, domin tasu takan ɗan yi jinkiri tsakanin faɗuwar kunama da tashin albarushi, wanda duk ya sauke hannu da wuri ya yi asarar toka da nama. Fistol ba ta da wannan jinkiri a fili, amma wanda ya saba ɗaga kai ya leƙa takarda da zarar ya ji ƙara, a hankali zai fara ɗagawa kafin ƙarar. Ka bar idonka a kan saitin gaba, ka ga tashinsa, ka ga dawowarsa cikin tsaga, ka saki kunama gaba ba tare da yatsan ya yi tsalle ya bar ta ba. Numfashi kuwa ba shi da wani sirri: ka shaƙa, ka fitar da kusan rabi, ka dakata. In ka kai daƙiƙa takwas zuwa goma harbin bai fita ba, cire yatsa, sauke bindiga, sake farawa. Sauke bindiga ba abin kunya ba ne, manyan 'yan gasa suna yin sa a gaban duniya.

Maganin duk wannan ba a filin harbi yake ba, tunda na san harsashin atisaye ba ya isar kowa. Yana cikin jan kunama da bindiga ba harsashi, kuma a nan zan yi maka magana da babbar murya. Ka yi shi ne a inda dokar aikinka ta yarda, da sanin na gaba da kai. Ka cire gidan harsashi, ka ja murfin baya, ka duba ɗakin harsashi da ido, ka taɓa da yatsa, ka sake dubawa. Harsashi mai rai kada ya kasance a ɗakin da kake, ko a aljihu. Ka fuskanci bangon da ko an yi kuskure zai tare harsashi, wanda babu mutum a bayansa. In wani ya katse ka, ko ka amsa waya, ka sake binciken daga farko. In ka ce ka gama, ka gama, babu "bari in ƙara ɗaya". Na san gidan da wannan ƙarin ɗayan ya jefa cikin makoki, kuma har yau abin bai bar zuciyata ba. Ƙananan bindigogi masu harsashin .22 kuma yawancinsu ba a jan su fanko sai da harsashin roba na atisaye, wanda ba shi da albarushi kuma ba ya tashi, don allurar da ke bugun harsashi tana lalacewa.

Ka tsaya dab da farin bango wanda babu alamar komai a kansa, bakin bindiga ya kusa taɓa shi. Rashin abin bara shi ne amfanin atisayen, domin babu tsakiyar da za ka farauta, babu abin kallo sai saitin gaba. Ja kunama. In saitin ya yi ko ɗan noƙewa lokacin da ta faɗi, ka ga abin da ke kai harsashinka ƙasa ta hagu da idonka. Maimaita har ta faɗi saitin bai san an yi ba. Bayan kwana biyu ka sa abokin aiki ya ɗora maka kwanson harsashi fanko a tsaye a kan saitin gaba ko saman murfin, ka ja ba tare da ya faɗo ba. Minti goma zuwa sha biyar a rana ya isa. Ja ashirin da hankalinka ke kansu sun fi ɗari biyu da ka yi kana hira, don yatsa abin da aka maimaita masa yake haddacewa, mai kyau ko marar kyau.

Idan kana shakkar cewa yatsa yana koyuwa, ka riƙe labarin Károly Takács, sajan a rundunar sojan Hangari kuma gwanin fistol. A 1938 gurneti ya fashe a hannunsa na dama, hannun da yake harbi da shi, ya lalata shi. Mutumin nan ya koma gefe shi kaɗai ya fara koya wa hannun hagu daga tushe. A 1939 ya fito ya ci gasar ƙasarsa. Yaƙin duniya ya hana wasannin Olamfik na 1940 da 1944, ya jira. A Landan a 1948 ya ci zinare a harbin sauri na mita 25, ya sake ci a Helsinki a 1952. Hannun da bai taɓa jan kunama a gasa ba sai da mai shi ya girma, shi ya yi wannan. Kai naka hannun lafiyarsa ƙalau, hali ɗaya kawai za ka sauya masa.

Ranar da kuka koma filin harbi, ka roƙi malaminku abu biyu. Na farko, ya bar ka ka fara daga mita 5, kana harbin ɗigo ƙarami, sai harsashi biyar sun taru wuri guda sannan ka ja baya zuwa 10, sannan 15. Na biyu, ya cika maka gidan harsashi da kansa ba ka gani ba, ya cakuɗa masu rai da na roba. Lokacin da kunama ta faɗa a kan na roba kana zaton mai rai ne, za ka ga bakin bindigarka ya yi sujada ƙasa, kai da duk wanda ke wurin. Babu bayanin da zan rubuta maka da ya kai wannan gani. In ya faru, ka tsaya, ka yi ja biyar masu tsabta ba harsashi, sannan ka ci gaba. Ka toshe kunnuwanka da kyau, in da hali ka haɗa abin cusawa da na rufewa, domin rage ƙara yana rage zabura sosai, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Ina matsa maka a kan wannan ne saboda aikinka. A Najeriya dokar makamai ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, wato ku da aka damƙa wa ita amana aka ba ku. Santimita 15 a kan takarda maki ne kawai ya ragu. A kan titi, inda akwai mai talla da ɗan makaranta a bayan wanda aka nufa, wannan tazarar ran wani ce.

Abu na ƙarshe da za ka fara tun ranar farko: bayan kowane harbi, kafin ka kalli takarda, ka faɗa da bakinka inda saitin gaba yake a lokacin da bindiga ta tashi. "Sama kaɗan ta dama." "Tsakiya." Sannan ka duba. Da farko za ka ce tsakiya ka tarar da shi ƙasa ta hagu, alamar idonka ya rufe a daidai lokacin. In ma ba ka ga tashin saitin ba sam, ka ƙifta ne. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka faɗa da abin da ka tarar. Ka yi mako huɗu kana atisayen bango, ka je filin harbi ko sau ɗaya ne a ciki, sannan ka turo mini hoton takardarka ta mita 10 da shafin littafin, ka kuma gaya mini irin bindigar da aka ba ka, don in san nauyin kunamar da muke magana a kai.